Marsaili da Yashin Maƙabarta

Marsaili ɗiyar ƙanwata ce, kuma ban taɓa ganin ta shanye kofin shayi a zaune ba. A tsaye take sha, a bakin taga, idonta a yamma, tana duban yadda iska ke kwantar da ciyawa. Shekara ashirin da shida ta yi tana tuƙa jar motar gidan waya a tsibirinmu, a kan hanya ɗaya tak, daga mashigar jirgin ruwan da ke zuwa daga garin Oban zuwa gidan ƙarshe na arewa. Idan wasiƙa ta iso maka da sassafe, ka san teku ya yi kyau, tana sauri ne ta gama. Idan ta iso da la'asar, da danshin gishiri a gefen ambulan, to teku ya fi kyau.

A bayan motar, a kan buhunan wasiƙu, kullum akwai farin allon hawan igiyar ruwa da ya ɗan fi ta tsawo, da baƙar rigar roba mai kauri wadda ba ta taɓa bushewa.

Mu nan ba ma shiga ruwa. Iyayenmu masunta ne, a kan teku suka ƙare rayuwarsu, amma babu wanda ya iya iyo a cikinsu, don a ganinsu iyo ƙarin wahala ne kawai ga wanda jirginsa ya kife. Daga sama muke kallon teku, daga jirgin ruwa ko daga tudu. Marsaili ce ta tafi Glasgow tana da shekara sha tara don koyon aikin jinya, ta dawo bayan shekara biyu babu takardar shaida, sai allo a hammata. Uwarta Peigi ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce, "Wannan ne majinyacin?"

Gaɓar Yamma take zuwa. Babu hanyar mota, sai ka buɗe ƙofar makiyaya biyu, ka bi gefen katangar maƙabarta, ka gangara tudun yashi. Maƙabartar tana sama, teku yana ƙasa, tsakaninsu tudun nan kaɗai. A ƙarshen kudu wani ɗan rafi yana fitowa daga ciyayi ya shiga teku, kuma daura da bakinsa igiyar take tashi. Ba ta ɗan koyo ba ce. Takan taso shiru, kore shar, ta miƙe tsaye, ta lanƙwasa kanta ta yi rumfa, sannan ta zura gefe da gudu kamar an kwance ƙyalle daga ɗinki. Baƙi uku ko huɗu kan zo mata a shekara, masu gemu da tsofaffin motoci, ɗayansu ma da karyayyen allo da karyayyar kafaɗa ya koma. Sauran kwanaki duk Marsaili ce ita kaɗai. Na sha tsayawa a bakin katanga ina kallon ta: ɗan baƙin ɗigo a kwance, sai ta zabura ta miƙe, ta shige cikin rumfar ta ɓace, ni kuma in riƙe numfashi har sai ruwan ya tofo ta.

Da Peigi ta rasu, a layin ƙarshe na kudu muka sa ta, taku goma sha biyu daga bakin tudu. Tun daga ranar Marsaili takan tsaya a nan kafin ta gangara, ta jingina allon da dutsen kabari, ta ja zif ɗin rigarta.

Shekara shida bayan haka aka yi hunturun da bai bar mu mun huta ba. Wata safiyar Janairu muka tarar katangar maƙabarta ta zube ta wajen arewa. Hankalin kowa ya tashi. Tormod, shugaban kwamitin maƙabarta, tsohon masunci, sa'ana, ya yi ta rubuce-rubuce har aka turo injiniya. Kwana biyu ya yi, teku kwance luf, ya auna, ya ɗauki hotuna, ya ce a jera manyan duwatsu a arewa, inda katanga ta faɗi. Aka sa ranar taro don a amince.

A makonnin nan ne Marsaili ta zama abin da ban gane ba. Ta kai wa matar fasto wasiƙar wani. Takan wuce ƙofata sau uku a yini ba ta tsaya ba. Iska ta juya gabas kwana biyu, irin wadda take jira wata da watanni, amma allon bai bar mota ba. Ranar Alhamis kafin taron ta shigo ba sallama, na zuba mata miyar rago da sha'ir, ta juya cokali a ciki ta ajiye.

"Kawu, mutumin nan ya yi kuskure."

"Wane mutum?"

"Injiniyan. Katangar arewa tsufa ne ya kayar da ita, da ruwan sama. Teku ba ya cin arewa. Kudu yake ci, ta ƙasa, inda ido ba ya gani."

Ta ɗauki gishiri ta zuba a kan teburina, ta ja layi da yatsa. Duk ruwan da igiya ta kawo gaɓa, ta ce, ta bakin rafi yake komawa, kuma ba ya komawa hannu wofi. Yakan yashe gindin tudu, ya kwashi yashin ya fita da shi, ya tara shi can ciki. A kan wannan tarin ne igiyarta ke tashi.

"Shekara talatin ina hawa a kan ƙasar maƙabarta, Kawu. Da can ban sani ba. Yau shekara huɗu da na sani."

"In an sa duwatsu a arewa fa?"

"Igiyata na nan daram. Inna kuma, hunturu uku ya rage teku ya ɗauke ta, in ta yi tsawon rai huɗu."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba.

"In an sa su a kudu?"

"A juya bakin rafi, a danne gindin tudu. Yashi ya daina fita. Shi ke nan, igiyata ta mutu."

"Wa ya san wannan bayan ke?"

"Wa ke shiga ruwan in ba ni ba?"

Ta share gishirin da gefen hannu, ta tashi, ta je taga, ta dawo, ta sake komawa. Na so in ce wani abu. Ƙanwata ce a kwance can, amma wannan da ke zirga-zirga a ɗakina ita ce mai rai, kuma na san abin da ya riƙe ta a tsibirin nan da duk sa'o'inta suka watse. Ta fita ta bar ƙofa a buɗe.

Asabar da hantsi muka taru a zauren coci, mu kamar talatin, riguna na ɗigar da ruwan sama. Tormod ya karanta takardar injiniya, ya cire tabarau, ya ce, "To, akwai mai ja?" Ya riga ya ɗauki biro. Marsaili tana tsaye a baya, kusa da ƙofa, da makullin mota a hannu, tana kaɗa shi. Sai kaɗawar ta tsaya.

"Ni, Baba Tormod. A kudu ya kamata a sa su."

Aka juya. Ta faɗi abin da ta faɗa mini, muryarta na sauri, tana tuntuɓe. Da ta gama, Tormod ya kwantar da bayansa a kujera.

"'Yar Peigi, yaushe gidan waya suka fara ba da takardar injiniya? A cikin ambulan ta zo?"

Aka yi dariya. Wata daga gefe ta ce, "Wasan ruwanta take karewa, kada duwatsu su tare mata hanya."

Na ga kunnen Marsaili ya yi ja. "Wasan ruwana?" ta ce. "Tabɗi! Baba, shekara hamsin kana kan teku, ka taɓa taka ƙasansa?"

"Allah ya kiyaye. Wanda ya taka ƙasansa ai ba ya dawowa ba da labari."

"Ni kullum ina dawowa. Ruwa ya janye yanzu. Tashi mu je."

"Ni? A watan Maris?"

"Tsoro kake ji?"

Tormod ya dube ni. "Lachlann, ka ji 'yarka?"

"Na ji," na ce. "Ni ma amsar nake jira."

Haka muka bi su, duk zauren, ta ƙofofin makiyaya, tumaki na kallon mu. A ƙasan tudu Tormod ya zauna a kan dutse ya cire takalmi da safa, ya naɗe wando. Ƙafafunsa fari fat, kamar ba su taɓa ganin duniya ba. Marsaili ta shiga da kayan aikinta, ta kama hannunsa. Ta fara kai shi arewa, ruwa iya gwiwa.

"Wayyo! Ke, wannan ai yanka ne!"

"Tsaya. Me kake ji a ƙarƙashinka?"

"Ba na jin komai, kin kashe mini ƙafa."

"Ƙasa ta motsa?"

"Ba ta motsa ba. Kamar daɓe."

Suka fito, suka taka har kudu, daura da bakin rafi, suka sake shiga. Igiya ƙarama ta zo ta wuce su, ta juyo. Na ga Tormod ya yi tangaɗi. Ya cafke kafaɗarta da hannu biyu. Wata ta zo ta koma, sai na ga ya rage tsawo a gaban idona, ruwan da ke gwiwa ya hau cinya, shi kuwa bai ɗaga ƙafa ba. Bai ƙara yin wasa ba. Ya ɗaga kai a hankali ya dubi tudu, ya dubi duwatsun kaburbura da ke leƙowa a samansa. Kabarin matarsa yana layi na biyu.

"Kullum haka yake yi?"

"Dare da rana, Baba."

"In mun danne nan, abin naki fa?"

Ya daɗe yana kallon ta, haƙoransa na karo da juna.

"Fitar da ni," ya ce.

Aka sake kiran injiniya, ya zo wannan karon da teku a fusace, ya yarda. Da bazara jirgi ya sauke katafila da tifa, aka fasa ƙofofin makiyaya, aka yi wata biyu ana jera duwatsu a gindin tudun kudu, aka karkata rafi ya bi ta bayansu. Marsaili ce ke nuna wa direban katafila inda zai tsaya. Tsakanin juyi da juyi takan ruga ta shiga ruwa, sau biyu, sau uku a yini, ko da igiyar ba ta kai ta kawo ba, kamar mai kwasar kaya daga gidan da ya kama da wuta.

Hunturun farko igiyar ta zo, amma ta rame, rumfarta ta ƙanƙance. Na biyu ba ta zo ba. Ruwa yakan taso dogon layi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya faɗi gaba ɗaya, tim, babu gefen da mutum zai bi. Na ga Marsaili ta shiga ranar da iska ta yi daidai, ta zauna a kan allo awa biyu tana juya kai dama da hagu, ta fito ba ta miƙe ko sau ɗaya ba. Tudu kuwa ko taku ɗaya bai ja baya ba. Ciyawa ma ta fara kama gindinsa.

Ta gwada sauran gaɓoɓinmu. Ɗaya duk tsauni ne, ɗaya kwance kamar tafki. Takan tsayar da mota a tsakiyar hanya, ta hau kan katanga tana hange, injin na aiki. Ta yi wa gidanta fenti, ta sake yi masa. Ta sayi kaji ta rabar. Mutane suka koma yi mata magana a hankali, suna cusa mata kifi da ƙwai ta tagar mota, abin ya ƙara ƙona mata rai.

A watan Afrilu ta zo mini da almakashin yankan ciyawa a naɗe cikin jarida.

"Gidan waya sun ba ni hanyar kai wasiƙu a wani tsibiri, can arewa. Wani ya ce akwai gaɓa a can."

"Kin gan ta?"

"A hoto."

"Shekararki hamsin da ɗaya, 'yar nan."

"Shi ya sa, Kawu. Kwana nawa suka rage wa gwiwoyin nan?" Ta tura mini almakashin. "Kabarin Inna, sau biyu a wata. Ka lura da kusurwar hagu, zomaye na tona wurin."

"Za ki dawo?"

"Kada ka tambaye ni abin da ban sani ba."

Jirgin Talata ta bi.

Yanzu ni ke zuwa da almakashi, ina durƙusawa da ƙyar, ina tashi da ƙyar. Makon jiya ina cikin yanka sai ga Tormod da sandarsa, yana tafe yana hutawa. Ya tsaya a kaina yana haki.

"Aikin gwauro. Kai da ka saba da biro, dubi yadda ka yi wa ciyawa aski."

"Karɓi ka gyara."

"Ta yi magana?"

"Ta kira ranar Lahadi. Ta ce ruwan can ya fi sanyi. Igiyar ba laifi, amma ba ta yin rumfa. Wai akwai wata gaba kaɗan da za ta je ta duba."

Ya gyaɗa kai. Ya taka zuwa ƙarshen layin, bayan kabarin Peigi, inda babu kowa tukuna, wurin da shekara uku da suka wuce ko kyauta ba wanda zai karɓa. Ya soka sandarsa a ƙasa, ya danna, ya ga ba ta nutse ba.

"In ta sake kira," ya ce, "ka gaya mata na zaɓi nawa wurin. Nan."