Baba Jibir, Wanda Ya Shimfiɗa Layin Dogo Tsakanin Kwamfuta Biyu

Ranar Talata, 15 ga Satumba, 1998, ina cikin buga wa wata mata takardar neman aiki a shagona na bakin tashar jirgin ƙasa, ɗanka Abdulrashid ya tsaya a ƙofa bai shigo ba. Ya ce, "Anti Afiniki, Baba ya rasu da hantsi." Na gama layin da nake bugawa tukuna, domin yatsuna ba su ji labarin ba, sannan kuka ya zo.

Baba Jibir, shekara talatin ka yi kana ba jiragen ƙasa hannu a Kafanchan. Da ka yi ritaya, tsararrakinka suka koma kiwo da zaman inuwa, kai kuwa ka ɗauki jarabar kwamfuta da furfurarka. Mun yi maka dariya, har da ni.

To, ni ce na zo maka da kuka bara. Mahaifina, Malam Meshak na Kwoi, ya shafe shekara shida yana tattara waƙoƙin noman citta da karin maganar Jaba daga bakin tsofaffi, yana zubawa a wata tsohuwar kwamfuta da wani Bature ya bar masa. Ya rasu, tsofaffin ma duk sun tafi. Wurin sa faifai na na'urar ya lalace, ita kanta sai an lallashe ta take tashi. In ta mutu, muryar Babana ta bi ta.

Ka ce akwai manhajar da ke sa kwamfuta ta leƙa ajiyar 'yar'uwarta in an haɗa su da waya. Ba don irin tsohuwar nan aka rubuta ta ba, amma wani ya juya ta yadda za ta hau. Ka shiga mota har Zariya ka samo ta. Kwana goma sha ɗaya kana fama, ka sa ta ƙi, ka gyara ta sake ƙi, kai ko a jikinka. Tsohuwar ka raɗa mata suna Kwoi, sabuwar ta shagona Kafanchan. Har yau in na rufe ido ina ganinka a kan benci, hasken allon yana wasa a gilashinka, ruwan Agusta na zuba a kan kwano, kana magana ƙasa-ƙasa da na'urorin kamar mai jiran jirgin da ya makara.

Rana ta goma sha biyu sai ga sunayen waƙoƙin Babana sun jeru a allon sabuwar. Na yi tsalle na ce, "Baba, ya zo! Duka ya zo!" Na miƙa hannu zan zare wayar tsohuwar, wai ta huta.

Ka riƙe wuyan hannuna. Ban taɓa jin ka ɗaga murya ba sai ranar. "'Yata, kul! Hayaƙi kika gani, jirgi bai iso ba. Kayan suna Kwoi har yanzu, leƙensu kawai muke yi."

Na ji kunya, na kuma ji haushinka, don na ƙosa. Kai kuwa ka bi ƙa'idar aikinka: ba a sakin jirgi sai na gaba ya shiga tasha. Waƙa ɗaya za ka kwaso, in buɗe, in karanta maka da Jaba, harshen da ba ka ji ko kalma ɗaya, ka gyaɗa kai, sannan ka saki ta biyu. Waƙa ɗari biyu da bakwai, sati uku. Ranar da ta ƙarshe ta iso ka ce, "Yanzu ki sallami Kwoi." Ban iya ba. Ita ta sallami kanta bayan wata guda, ba ta sake tashi ba.

Waƙoƙin suna nan, matan zumunta na cocinmu sun rera biyu a bikin girbi. Amma manhajar taka ba ta san an yi rashi ba. Kullum na kunna Kafanchan da safe, sai ta ɗan tsaya tana neman Kwoi, ta jira, ba amsa. Abdulrashid ya ce zai iya cire wannan. Na ce ya bari.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya gafarta maka, ya sa ka isa tasharka lafiya, hanya a buɗe. Iyalan Baba, Inna Azumi, Abdulrashid, Zamzam, Allah ya ba ku haƙuri. Ni ma ku yi mini gaisuwa, uba na biyu na rasa.

Afiniki Meshak, Kafanchan