Daminar da Mai Tukku Ya Ƙi Kwanciya

Ranar Asabar ta biyu da ba mu babban hutu, shekarar da zan shiga aji shida na lakwal, Lawali ɗan Kawunmu na Damagaram ya yi sallama a gidanmu na Gure da wata baƙar jaka a rataye. Dubiya ya zo. Kwana tara ke nan da Yaya Ari ya faɗo daga kan dabino a kwarin Baba, cinyarsa ta karye, maɗori ya ɗaure ta da karare ya ce kada ya kuskura ya taka ƙasa sai bayan kwana arba'in. Yana kwance a ɗakin Iya, ya ba ƙofa baya, ɗakin duk warin man shanun da ake shafa masa. Yaron da duk unguwarmu ba mai kayar da shi a langa, ga shi ko zama sai an tallafe shi. Lawali ya yi masa sannu, ya zuge jakar, ya fito da wani ɗan akwatin wasa mai igiyoyi ya haɗa da tsohuwar telen Baba. Da hoto ya fito sai da na daka tsalle, don mun san yaron da ke ciki. Shi ne na desan animen nan, wato fim ɗin zane na Japan da muke leƙe ta tagar gidan maƙwabta, mai gashi tsaye a tsakar ka, wanda muka raɗa wa suna Mai Tukku.

Lawali sauri yake yi, motar Kelle na jiran sa, can zai yi hutunsa a gonar kakanninsa na wajen uwa inda babu wuta, shi ya sa ma ya ga dama ya bar mana akwatin. A tsaye ya koya mana maɓallan abin dannawa: nan tafiya, nan sara, nan i, nan a'a. Rubutun da ke fitowa kuwa na Japan ne tsantsa, kamar sawun kaji a rairayi, ko shi bai iya karanta shi ba. Ya ce idan hutu ya ƙare zai biyo ya ɗauki kayansa, ya fice. Yaya Ari ya riƙe abin dannawa da hannu biyu, karo na farko tun faɗuwarsa na ga haƙoransa. A sidin maƙwabta mun ga Mai Tukku ya bar ƙauyensu, ya ratsa daji, ya doshi teku zai hau wani babban jirgin ruwa, kuma daidai nan sidin yake cijewa kullum. Mu kuwa ruwan da ya fi girma da muka taɓa gani shi ne tafkin da damina ke tarawa a bayan gari. Yaya ya rantse kafin Lawali ya dawo sai ya hau da yaron nan jirgi, ya ga tekun da idonsa.

Ashe ba mu san abin da muka ɗauko wa kanmu ba. Wasan ba da sara yake farawa ba, da aike yake farawa. Sai ka zauna ka kalli wani dattijo yana zuba surutu, ba dama ka tsallake, sannan a tura ka rijiya ka ɗebo ruwa, ka nemo wasu tumaki uku da suka ɓace, ka kai wa maƙeri itace kafin ya ba ka takobi. Ni abin har haushi yake ba ni, domin tunda Yaya ya kwanta aikinsa ya dawo kaina a kan nawa. Da asuba in yi shara, in jera bokitai a famfo, in kora awaki bakin gari wajen makiyayi, in taya Iya surfe, in ɗauki ƙwaryar fura in kai wa Baba gona ta kan tudun rairayin nan da ƙafa ke nitsewa har idon sawu. In dawo wuyana kamar zai tsinke, ƙawayena na kirana carabke a ƙofar gida, ni kuwa in shige ɗaki in tarar da wani ruwan da wasu tumakin suna jirana a cikin tele. Yaya ke dannawa, ni ce mai tuna hanya, ni ce kuma mai riƙe igiyar baya idan hoto ya fara rawa.

Babbar matsalarmu wuta ce. Takan zo da hantsi, ta ɗauke lokacin da ta ga dama, wani lokaci kafin azahar, wani lokaci hadari na haɗuwa kawai. Tana ɗaukewa komai ya tafi. Gobe idan ta dawo, ga dattijon nan ya buɗe baki daga farko, ga rijiya, ga tumaki. Ba mu taɓa zaton akwai wata dabara ba. A wajenmu haka wasa yake: langa ma ai ba a ajiye ta jiya a ci gaba yau, idan an tashi an tashi. Sai muka ɗauka dole ne a kai teku a zama ɗaya, muka shiga tsere da wutar gari. Yaya ya haddace ƙauyen nan fiye da yadda ya haddace allonsa, har ya san bayan bukkar da tunkiya ta uku ke ɓuya.

A ƙarshen ƙauyen, daf da gadar da ake hayewa a shiga daji, akwai gidan wata tsohuwa mai farin gashi. Duk wanda zai wuce sai ta tare shi, ta yi maganarta, a nuna hoton gado da bargo, sannan a ba ka zaɓi, i ko a'a. Ba sai an fassara mana ba, mun gane tayin kwanciya take yi. A gidanmu kuwa an yi mana horo a kan tayi tun muna rarrafe. Idan aka aike ka gidan mutane aka ce ga abinci, ka ce ka ƙoshi ko da cikinka na kuka. Aka ce zauna, ka tsuguna a bakin ƙofa. Balle a ce ka miƙe a gadon mutane da rana tsaka alhali an aike ka. Wanda duk ya karɓi tayin farko, ranar zai sha murɗar kunne. Don haka ranar farko Yaya ya danna a'a ba tare da ya tsaya tunani ba. Iya na gefe tana tsince wake, ta ɗago ta kalli tele ta ce, "Wannan yaro ɗan gidan mutunci ne." Shi ke nan magana ta zauna, kullum mu gode wa tsohuwa mu wuce.

Sau ɗaya na so in saɓa. A mako na huɗu ne, babban yatsan Yaya ya yi kanta har ya fashe, ya miƙo mini abin dannawa. Ranar na gaji gajiyar da ko magana ba na son yi, na kai Mai Tukku gidan tsohuwa, na ga gadon nan a gyare, wallahi sai na ji ni ake yi wa tayin. Na ce wa Yaya yaron nan fa tun safe yake ɗibar ruwa, mu bar shi ya ɗan miƙe mana. Yaya ya fizge abin daga hannuna har sai da ƙafarsa ta motsa ya cije leɓe. Ya ce, "Ni na kwanta, shi ma ya kwanta? To wa zai je?" Ban sake tayar da zancen ba. A lokacin na ɗauka faɗa ne kawai irin na yayye, sai da na girma na gane cewa mutumin da ya yi wata guda yana ƙirga azarar ɗaki ba ya son ganin gado ko a hoto.

Akwai wata Laraba da wuta ta yi mana kirki, ta zo da hantsi ba ta ɗauke ba har azahar ta wuce. Na yi wa Iya ƙaryar ciwon ciki don kada a aike ni gona. Muka ratsa dajin, muka kashe wani ƙaton gadu da ya sha kashe mu a baya, muka wuce wata bukkar mafarauci da wani tanti a gindin dutse, duk an yi mana tayin gado, duk mun ƙi. Mai Tukku ya fara hawan dutsen. Da ya kai sama sai ga wani shuɗin layi can nesa, ya miƙe daga wannan gefen tele zuwa wancan. Yaya ya yunƙura a kan gwiwar hannu, bakinsa a buɗe. Ladan ya ɗaga murya zai kira la'asar, tele ta yi ɗif. Muka zauna muna kallon fuskokinmu a baƙin gilashi. Kwana uku Yaya bai yarda an kunna ba, ko abinci sai Iya ta yi da gaske. Rana ta huɗu ya ce in haɗa igiya, muka koma wajen dattijo da tumakinsa. Ba mu sake kai wa dutsen ba.

Lawali ya dawo ana saura kwana biyar a koma lakwal, ya yi baƙi wuluk da noma. Lokacin an kwance wa Yaya karare, yana dogara sanda zuwa tsakar gida. Lawali ya tambaye mu ina muka kai, muka ba shi labarin wuta. Ya dube mu kamar bai gane ba, ya ce a kunna. Yaya ya gama aiken ƙauyen cikin ƙiftawar ido, ya iso gidan tsohuwa, zai danna a'a, Lawali ya kama hannunsa ya danna i. Mai Tukku ya hau gado, hoto ya yi duhu, aka ɗan yi wani kiɗa, gari ya waye. Sai Lawali ya miƙa hannu ya zare igiya daga bango da gangan, ya mayar. Babu dattijo, babu rijiya. Ga Mai Tukku tsaye a gefen gadon tsohuwa da takobinsa a baya. Lawali ya ce ai kwanciyar ita ce ajiya, duk inda ka kwanta nan za ka tashi, ya mance ne bai gaya mana ba. Ya fara dariya, da ya ga fuskar Yaya sai ya haɗiye ta. Yaya ya tambaye shi a hankali ko tantin gindin dutsen ma haka yake, ya ce haka yake. Iya daga bakin murhu ta ce, "Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami." Direban motar Damagaram na ta oda a waje, Lawali ya naɗe igiyoyinsa ya zuba a jaka, Yaya ya ɗauki sandarsa ya fita zaure ya zauna shi kaɗai har magariba.

Yau ina aikin ungozoma a Damagaram, wuta ma ta ɗan yi sauƙi, idan ta ɗauke akwai batirin waya. Kwanan baya wata abokiyar aikina ta sa mini wasan nan a wayata, da Faransanci, har yana ajiye kansa ba sai ka roƙe shi ba. Na fara shi daga farko a ɗan hutun da nake samu tsakanin haihuwa da haihuwa, ina gyangyaɗi, na kai jirgi cikin kwana huɗu. Ban ji daɗin da na zata ba, don babu wanda zan juya in kalla. Yaya Ari kuwa babbar mota yake ja tsakanin Damagaram da Difa, yana ɗan ɗingishi har yanzu, ƴaƴa biyar, ba Juma'a ba Lahadi. Idan ya biyo ta gidana a tsaye yake shan ruwa. In shimfiɗa masa tabarma in ce ya miƙe ko na rabin awa ne, idanunsa jajur, ya ce ya gode, kaya na jiran sa. Zuwansa na ƙarshe na tare shi a bakin ƙofa na sa masa wayar a hannu, na nuna masa daga kan dutsen zuwa bakin ruwa, tafiyar da ba ta kai a tafasa shayi ba. Ya daɗe yana kallon jirgin. Ya ce, "Ashe kusa ne." Ya miƙo mini wayar ya tafi wajen motarsa. Haƙuri kam an koya mana shi tun muna yara, hutawa ce ba wanda ya koya mana.