Rubutun da ke Jikin Amalanke

A sana'armu ta fenti, fesawa ba ita ce wahala ba. Kowane ɗan gari ya riƙe bindigar fenti zai fesa. Rufewar ita ce aikin: gilashi, lamba, fitila, duk abin da ba a so fenti ya taɓa, sai ka lulluɓe shi da tsohuwar jarida, ka bi gefe da sikoci, wato tef mai gam. Shekarata ashirin ina wannan a garajina na Zango, kuma ba na ɓoyewa, ina ji da kaina. Wanda duk ya gyara mini aiki sai mun yi.

Wata bazara, rana kamar za ta dafa mutum, wani dattijo manomi daga Hamdara ya shigo da amalanken shanunsa na ƙarfe. Tsatsa ta ci shi, yana so a fesa kafin damina. Ni motoci na saba taɓawa, har na so in kore shi, furfurarsa ta hana ni.

Sai ya ja ni bayan amalanken ya nuna mini wani rubutun boko da rawayan fenti, layi ɗaya, a karkace, har fentin ya zuzzuba. Ɗansa ne ya rubuta sunan gidansu da tsinke, kwana biyu kafin ya tafi Libiya neman aiki. Hamada ta riƙe shi, ko gawarsa ba su gani ba. Hoto babu, wayarsa ta tafi da shi.

"Ɗana, ka fesa ko'ina," in ji shi, "amma ka bar mini wannan yadda yake."

Ya kawo shawara in shafa wa wurin ɗanyar laka, in an gama a wanke da ruwa. Na yi dariya, Allah Ya yafe mini. Na ce masa nan garaji ne, ba ginin rumbu ba. Alhali maigidana na farko da laka da sabulu yake rufe abubuwa, ban taɓa ganin ya ɓata aikin kowa ba. Girman kai ne kawai.

Ranar sikocin takarda ya ƙare mini, wanda ake yi don wannan aikin, mai sakin jiki in an ja shi. Ƙyuya ta hana ni zuwa kasuwa. Na ɗauko na roba mai ruwan ƙasa, irin na ɗaure kwali, na shimfiɗa shi kai tsaye a kan rubutun, ko jarida ban sa a ƙasa ba, wai don layin ya fita tas. Ina gamawa aka ɗauke wuta, kwampireso, injin da ke ba bindigar fenti iska, ya tsaya. Washegari ma haka, ga Juma'a ta shigo. Kwana huɗu amalanken yana shanye a rana da sikoci a jiki. Kullum ina wucewa ta gabansa, ban taɓa tunanin ɗagawa ba. Kuma na sani sarai rana tana dafa gam, ni da bakina na sha faɗa wa mutane haka.

Na fesa shuɗi, ya yi kyau ƙwarai. Dattijon ya dawo da shanunsa da hantsi, na ce ya tsaya a cire sikocin a gabansa, don ina son yabo. Na kama bakin sikocin na ja. Ji na yi ɓar, kamar ana ɓare gyaɗa. Tsohon fentin duk ya biyo gam ɗin, da rawayan da na ƙarƙashinsa, sai ƙarfe tsirara. Na tsaya, na koma ɗaya gefen a hankali, na ɗiga esansi, wato fetur, ko gam ɗin zai saki. Ina! Abin da ya rage ma ya narke a yatsuna.

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Amma sai ya tsuguna yana tsince guntayen sikocin daga ƙasa, yana kaɗe musu rairayi, yana juya su ko zai ga wani baƙi da ya tsira.

Bakina ya ƙi yin shiru. Na ce masa na riƙe abin da aka rubuta, ina da rawayan fenti, yanzu-yanzu zan mayar masa, har da karkacewar, ba wanda zai gane.

Ya ɗago ya dube ni, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan.

"Na san ka iya rubutu," in ji shi. "Amma ba kai na haifa ba."

Ya zuba guntayen a aljihun rigarsa, ya ɗaura wa shanun amalanke, ya kama hanyar Hamdara. Wurin rubutun yana nan fayau a tsakiyar shuɗin, ya hana ni ko shafa masa fenti.