Mai Alli, Wadda Muka Kira Mayya

Kullum da hantsi za ka ji ta kafin ka gan ta: takun silifa, sai lasifika mai shaƙaƙƙiyar murya. "Matan gida, Asabar akwai awon jini a harabar asibiti! A fito da tsofaffi!" Shekara goma sha tara tana wannan shela. Mai Alli muke ce mata.

Takan shiga gida ta ɗaura wa mutum abin awo a dantse. In jini lafiya, ta ja layi da alli a ƙofa. In ya hau, ta zana da'ira, don ta san inda za ta koma ta matsa a je taron Asabar. Gida ɗari uku take zagawa, wa zai riƙe a ka?

A layinmu ƙofa huɗu suka sami da'ira. Uku ta koma ta roƙe su, suka ce sai wani satin. Cikin wata biyu aka fitar da gawa uku. Tela ya kife a kan kekensa, keken bai gama juyawa ba. Layi ya yi tsit. Rana tsaka ba ka jin komai sai takunta, ƙofofi na rufuwa ɗaya bayan ɗaya a gabanta. Matar mahauci ta ce, "Allinta ke nuna wa mutuwa gida."

Ƙofa ta huɗu tamu ce, jinin maigidana ne ya hau. Ni na wanke da'irar da soso. Maigidana har yana dariya: "Ke dai, ko sawun kaza kika gani sai kin tofa addu'a." Ta zo, ba ta ga alama ba, ta wuce. Kwana tara ya faɗi da buta a hannu. Har yau in rana ta bugi ƙofar ina ganin inuwar zanen.

Mai Alli, ke ce kika zo gaisuwar rasuwarsa aka ƙi amsa miki sallama. Kika dubi ƙofar kika ce, "Iya, wa ya goge?" Ban amsa ba. Yau na amsa.

Ku kuma manyan asibiti, da surutu ya kai muku, maimakon ku tara mu ku yi bayani, sai kuka karɓe lasifikarta. Yanzu takarda kuke mannawa a bango. Wa zai karanta? Ni? Asabar nawa benci na shan rana ba kowa a kai? Ku mayar mata da lasifikarta. Asabar ɗin nan a tsayar da ita gaban taro mu ba ta haƙuri. Ni ce farko. Matar mahauci, ke ce ta biyu, kada in ji zancen ciwon ƙafa.

Mai Alli, gishiri, sai an rasa ki ake sanin ki. Allah ya saka miki. Masu tasowa, ku koyi irin nacinta.

Jiya na je gidanta ta auna ni. Jinin ya hau. Na jawo ta har ƙofata na ce ta zana, babba. Duk mai soso ya zo, ina zaune a bakin ƙofa.