Idon Mas'uda da Ya Yi wa Matan Roni Kallo

Kafin rana ta ɗaga, Mas'uda ta share tsakar gida, ta sha kokonta, ta miƙe ƙafa a tabarma da kwamfuta a cinya. Ko sallama ka yi, da hannu za ta amsa. Kallo take. Da an idar da azahar sai ta naɗe kwamfutar a tsohon zane, ta zura hijabi, ta shiga bin gidajen Roni tana tura wa mata fina-finai a waya. Shekara ashirin da biyu ke nan tana wannan zagaye. Da kaset ta fara, ta koma faifai, yanzu ga turi.

Dokarta ɗaya ce: ba ta ba kowa fim sai ta kalle shi daga farko har ƙarshe. Masu turi na bakin tasha ɗura maka suke kamar mai cika buhu, da tsakuwa da ƙaiƙayi. Ita sai ta sheƙe, ta tsince, sannan ta faɗa maka gaskiyar abin da ke ciki, ko da gaskiyar za ta hana ka saye.

Rannan na tambaye ta wani sabon fim na Hausa mai dogon zango. Ta ce, "Gwaggo, Hausarsu fes, gidajen kamar namu, akwai ma wata tsohuwa a ciki, ke sak wajen tsegumi. Amma ana kashi na sittin, har yau ba a buɗe akwatin gadon da ake rigima a kai ba. Mutum ya shigo falo, a gaisa, a kawo ruwa, ya sha, kashi ya ƙare."

Na ce, "Ja'ira, ni me ya kawo ni cikin bayaninki?"

Na Indiya mai fassara, in ji ta, hoto kamar ka miƙa hannu ka taɓa, sai dai mutum ɗaya ya lakaɗa wa arba'in duka ko gashin kansa bai motsa ba, mai fassarar kuma ya fi jarumin surutu. Na soyayyar Koriya ba su da rashin ta-ido, amma ƙaton namiji ya tsaya cikin ruwan sama yana sharɓar kuka. Na barkwancin bana kuwa ta yaba su ƙwarai, ta ce sai haƙarƙari ya yi ciwo, amma akwai wanda a cikinsa aka mai da mai in'ina abin tsokana, kuma wannan bai taɓa shiga gidan Malam Muhammadu Lawal ba, don autarsa da ƙyar take haɗa kalma biyu. Ba wanda ya roƙi Mas'uda hakan. Ita ta san gidajenmu.

Ni ba na son ɗaukar magana, Allah ya sani, maganar ce ke biyo ni. Ina zaune a gidan Nafisat, wadda mijinta ya rasu a haɗarin mota a hanyar Kazaure, ta gama takaba ke nan, ta ce a tura mata fim ɗin da duk gari ke zance. Mas'uda ta ce, "Wannan ba naki ba ne tukuna." Nafisat ta yi fushi, har da cewa ai ba kyauta ta roƙa ba. Mas'uda ta haɗiye, ta ba ta wani. Sai daga baya muka ji ashe a tsakiyarsa akwai mota da ta kife, an nuna komai.

Ke ce rariyar garin nan, Mas'uda. Ke kika kalli shirme don kada mu kalla, kika ga abin kunya ke kaɗai don kada ya faɗo mana gaban suruki.

To, ga abin da ya hana ni sukuni. Watan jiya Bahijja, ɗaya daga cikin masu saye a wajenta, ta ce a tura wa 'ya'yanta katun. Yara suka zauna da rana tsaka, sai ga fim ɗin tsoro, wata mace da fuska fari fat tana fitowa daga rijiya. Aka watse da ihu, ƙaramar har yau ba ta zuwa kusa da randa. Mas'uda da ta ji, ta zauna a ƙofar ɗakin ta yi kuka. Ashe ta daɗe ba ta ganin rubutun sunayen, da ƙiyasi take dannawa. Yanar ido ce ta rufe idon hagu, ta fara cin na dama.

Likita ya sa ranar aiki, ta ce tana mura. Ya sake sa wata, ta ce ta tafi barka garin Gwiwa. Na bincika, babu wadda ta haihu a danginsu kaf. Yanzu ya ce Talatar nan, kuma in ta ƙara wucewa, kada a zo masa da kuka kan idon hagu.

Na tsare ta. Ta ce, "Gwaggo, in an yi aikin, sati shida ba kallo. Sati shida fa! Kowace Juma'a sabon kashi na fita. Wa zai tace? Tasha za su koma." Sannan ta ce a hankali, "In kuma aka taɓa idon ya tafi gaba ɗaya fa?"

Ni ma tsoron da nake ji ke nan. Amma in an bar shi ma tafiya zai yi, wannan kam likita ya faɗa ƙarara.

Don haka, Mas'uda, mu mata mun zauna mun raba aikinki. Nafisat ta ɗauki na Hausa, Bahijja na Indiya da katun. Ni aka lafta wa na tsoro, wai na tsufa ba abin da zai ba ni tsoro. Ƙarya suke, jiya da carbi a hannu na gama ɗaya, amma na gama. Ku ma matan Babura da Kazaure, ku yi koyi: abin da zai shiga idon ɗanki, ya fara bi ta naki.

Mun gode, Mas'uda. Allah ya saka, ya sa a yi aikin nan a sa'a, ya mayar miki da ganin da kika ƙarar a kanmu. Na kama mana gidan gaba a motar Talata, ni zan raka ki, kuma ba mura ba barka.

Cajar kwamfutarki da kike ta nema tun shekaranjiya kina zagin ɓera, ki daina ɗaukar alhakinsa. Tana ƙarƙashin katifata. Ba za ki gan ta ba sai da sabon ido.