Tsagar da ba aska ta yi ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Garba, manomin shinkafa a fadamar Argungu. Ya bar duniya yana da arba'in da bakwai. Mahaifinmu bai kai haka ba ma, a gona ya faɗi yana dafe da ƙirji, ƙannensa biyu su ma haka suka tafi. Mun taso mun tarar ana cewa mazan gidanmu ba su ganin hamsin. Muka ce ƙaddara ce, muka ci gaba da harkarmu.

Akwai wata alama da muke alfahari da ita. Mu Kabawa an san mu da tsagar fuska, amma gidanmu har da ta biyu: wani ɗan tabo rawaya mai laushi da ke fitowa a fatar ido, kusa da hanci, idan mutum ya girma. Innarmu tana kiran sa tsagar da ba aska ta yi ba. Ranar da ta ga nawa ya fito sai da ta rangaɗa guɗa, ta ce yanzu ta tabbata ba a musanya mata ɗa ba.

Da ciwon ƙirji ya fara kama Yaya Garba, ni na kai shi asibiti a Birnin Kebbi, don a nan nake koyarwa. Likitar tana ganin mu ta tsura wa idonsa ido, ta juyo ta dubi nawa, ta tambaya su wa ke da irin wannan tabo a dangi. Yaya ya gyara zama ya shiga jero mata sunaye da fara'a kamar maroƙi. Bai lura ba, duk babban da ya ambata yana kabari.

Da sakamakon jini ya fito, ta ce kitse ne ya yi masa yawa a jini, shi ke toshe hanyoyin zuciya, tabon nan ma kitse ne ya taru ƙarƙashin fata. Yaya ya yi dariya har da tari. "Kitse? Ni? Likita, dube ni da kyau hwa. Ko ungulu ta gan ni sai ta wuce!" Gaskiyarsa, mutum ne siriri kamar kara, abincinsa tuwo da kifi. A wurinmu kitse abin da ake gani ne a wuyan Alhaji ko a bindin rago. Ta yi haƙuri ta fahimtar da shi cewa irin wannan gadonsa ake yi, ba ruwansa da ƙiba ko rama, kuma ya kamata a auna duk wanda suka haɗa uba.

Abin kunya, ni da na yi boko ni na fi kowa taurin kai. Ina da maƙwabci a unguwar Nasarawa, Emeka mai kayan gyaran babur, ƙato ne, manja kuwa kamar ya sha da kofi, an auna shi lafiya lau. Da shi na riƙa kafa hujja cewa na'urar asibiti ce ta rikice. Amma ainihin abin da ke raina daban ne. 'Ya'yana mata uku ne, ina tsoron a ji gidanmu akwai ciwon gado, masu neman aure su ja da baya.

Yaya bai yi gardama da ni ba. Wata Asabar ya hau babur daga Argungu, ya shigo ya ajiye ledar maganinsa a gabana. Ya ce, "Malam Sani, ga ajiya. Wallahi ba ni haɗiyar ƙwaya guda sai ran da ka ba da jininka aka duba." Ko ruwa bai sha ba ya juya. Na ce barazana ce, gobe zai aiko a karɓa. Kwana goma sha tara ledar nan tana ɗakina. Sai da matarsa Asabe ta kira ni tana kuka, ta ce ba ya iya kaiwa masallaci sai ya tsaya sau biyu a hanya, sannan na tafi asibiti. Nawa kitsen ya fi nasa yawa.

Bayan shekara biyu ya rasu. Likitar ta ce min ɓarnar ta daɗe da yin nisa tun kafin ya zo wurinta, na kuma yarda da ita, amma har gobe in na tuna kwanakin nan sha tara sai zuciyata ta yi nauyi. Cikin shekara biyun nan ba gidan danginmu da bai shiga ba, har Augie, yana kwasar mutane zuwa awo. Wasu sun zage shi, wai yana tona asirin gida. Naka sai naka.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Wuraren awon jini sun yawaita, ko a nan unguwar Badariya akwai, ba sai ka yi nisa ba. 'Yata ta fari, wadda ta karanci aikin jinya, ta ce min yadda jiki ke sarrafa kitse ya bambanta daga zuriya zuwa zuriya, har akwai baƙar fatar da suka gaji abin da ke rage musu shi, mu kuwa muka gaji akasin haka. Ta ce yawancin binciken da aka yi a kan jinin Turawa aka yi shi, namu sai yanzu ake ƙara waiwayar sa. Na san Yaya, da ya ji haka sai ya naɗe hannun riga ya ce a ɗiba, mi ake jira? Kuma da ya tsokane ni, don 'ya'yan nan da nake wa tsoro duk sun yi aure. Biyu cikinsu suna shan magani, mazansu ne ma ke tuna musu.

Yaya bai bar dukiya ba, gonarsa ma ƙarama ce. Amma bana na cika hamsin da huɗu, ga furfura a gemuna. Allah ne mai rayawa, na sani, sai dai yakan sa bawansa ya zama sanadi, ni kuwa nawa sanadin Garba ne, kuma ina gode masa a fili, tunda ban yi ba yana raye. Allah Ya jiƙan sa, Ya haskaka kabarinsa.

Kwanan baya ɗansa Nasiru ya kawo iyalinsa gaisuwa. 'Yarsa mai shekara huɗu ta haye cinyata ta kama gemuna ta ja, ta ce, "Tsoho mai ran ƙarfe, yaushe za ka ba mu wuri?" Uwarta ce ta koya mata, don a gidansu haka jika ke tsokanar kaka. Kowa ya yi dariya, ana jiran in rama. Ba wanda ya taɓa koya min wannan wasa, don a gidanmu ba yaron da ya taɓa tarar da kakansa namiji da rai. Sai na riƙe hannunta a gemun, na ce ta ƙara ja.