Baban Fitila, Wanda Yake Kai Ganye Bakin Ƙofa

Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Janairu, ina tsugune a layin tumatir da kwando a gabana, mai ban ruwa ya zo ya tsaya a kaina. Cewa ya yi, "Inna, Baban Fitila ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye almakashi na zauna a ƙasa. Fitilunka kuwa suna ta ci a tsakanin ganye, yadda ka saita su kafin a kwantar da kai asibiti.

Ni ce shugabar mata masu tsinka a wannan gidan gona na gilashi, ban kuma saba rubutu irin wannan ba. Amma akwai abin da na sani game da kai wanda ya kamata 'ya'yanka su ji daga bakin wadda abin ya faru a kanta.

Kai ne mai gyaran wutar gidan. Kafin zuwanka, tumatirinmu yakan bi igiya ya wuce kan mutum, ganyen sama ya cinye rana, na ƙasa ya zauna a inuwa har ya bushe mu tsige shi mu zubar. Kai ka dami mai gonar sai da ya sayo fitilun LED ɗin nan dogaye kamar sanda, ka rataye su a tsakiyar layi, daidai ƙirjin mutum, cikin duhuwar ganyen. Mun yi maka dariya sosai. Muka ce ga wanda zai kunna wa tumatir fitila da rana tsaka. Ba ka yi fushi ba, ka ce, "Ku bari dai, na ƙasa ma yana da baki." Da kaka ta zo muka ga 'ya'yan ƙasa sun yi nauyi har igiya tana kuka, sai muka haɗiye dariyarmu, muka laƙaba maka Baban Fitila. Ka karɓi sunan hannu bibbiyu, har kana amsa waya da shi.

Sai dai hasken nan yana da hali. Ja ne da shuɗi a gauraye, komai ya shiga cikinsa sai ya koma shunayya. Ɗanyen tumatir da nunanne sukan yi kama, ganye mai lafiya da wanda ya fara rawaya duk ɗaya. Ga shi yana gajiyar da ido, shi ya sa ka raba mana tabarau masu duhu. Ka kuma kafa mana doka guda wadda kowa ya haddace: ba a yanke wa ganye hukunci a ƙarƙashin fitila. Duk ganyen da aka yi shakkarsa, a tsinke shi a kai shi bakin ƙofa, a dube shi a farin hasken Allah. Sau nawa na ga ka baro aiki a ƙarshen layi, ka tako da ɗan ganye a tafin hannu, kana ƙunƙuni, don kawai ka juya shi a rana. Muna tsokanarka cewa ko abinci aka ba ka sai ka kai shi bakin ƙofa kafin ka ci.

A shekarar da nake da cikin autana, jiri ya riƙa ɗibata. Ban gaya wa kowa ba, don mace mai 'ya'ya ba ta ɗaukar jiri a bakin komai. Wata safiya ka same ni na dafa ƙarfen layi. Ka tambaye ni lafiya, na ce lafiya lau. Ka ce, "Ƙanwata, zo bakin ƙofa." Na ce, "Haba Yaya, ni ganye ce?" Ka ce, "Zo dai." A can ka sa na cire tabarau, na ja fatar idona ƙasa da yatsa, ka sa wata tsohuwa cikin matanmu ta duba. Ta duba ta yi salati. Fari fat, babu ɗigon jini. Kai ka kira maigidana, kai ka tsaya wa mai gonar a kan sai an sallame ni na tafi asibiti a ranar. A asibiti aka ce ƙarancin jini ne mai tsanani, da na kai haihuwa a haka da wuya mu tashi, ni da abin da ke cikina. Yaron nan yanzu yana makaranta, kuma ya fi kowa surutu a gidanmu.

Ba na son in mai da kai waliyyi, don ba za ka yarda ba. Kana da taurin kai. In ka ce a ɗaga fitila taƙi ɗaya, ko mai gonar bai isa ya ce rabin taƙi ba. Ka tsani a rataya riga a kan wayar wuta, kuma faɗanka a kan wannan yakan kai azahar. Amma ban taɓa ganin ka ci abinci wani yana kallo ba, sabon ma'aikaci kuwa kai kake fara koya masa inda zai sa hannu da inda wuta za ta ja shi.

Wanzami ba ya son jarfa. A wannan lokacin sanyi, da rana ta yi ƙaranci, aikinka ya ninka. Kana shiga layi tun da sassafe, a ciki kake cin abincin rana, tabarau a fuska har ka hau kekenka. Ka rame, muka ce aiki ne, kai ma ka ce aiki ne. Kullum muna gaisawa da kai fuska da fuska, amma a cikin hasken da kai da bakinka ka ce yana ɓoye rawaya. Mai ɗakinka ce ta gani, ranar hutu, kana gyara mata ƙyauren kicin a tsakar gida. Ka ɗago kai za ka karɓi guduma, rana ta faɗa a idonka, ta ga ya zama ruwan ɗorawa. Shawara ce, hanta kuma ta riga ta yi nisa.

Ba na cewa da an gani da wuri da kana nan. Wannan sanin na Allah ne, kuma wanda kwanansa ya ƙare ba ya ƙara ko ɗaya. Amma abin yana ci mini rai, Yaya, kuma ba zan ɓoye ba. Ka kai ganye dubu bakin ƙofa, ka kai ni, kai kuma ba a kai ka ba.

Da muka koma aiki bayan zaman makoki, na tsaya a ƙofar gidan gilashin na hana kowa wucewa. Na ce daga yau ba mai shiga layi sai ya cire tabarau, na kusa da shi ya kalli idonsa a rana. Mai gonar yana tsaye, shi ya fara cire nasa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan mai ban ruwa, abokin faɗanka na kullum, sai na ga idonsa ja wur. Na ce, "Kai, asibiti za ka." Ya kawar da kai ya ce, "Inna, wannan ba na asibiti ba ne." Na bar shi ya wuce. Haka muke yi kowace safiya yanzu, kuma da sunanka muke kiran abin.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, wadda ta yi jinyarka ba ta gaza ba, da 'ya'yanka, da mahaifiyarka da Allah ya nufa ta ga wannan rana, da dukan abokan aikinka. Allah ya ba su haƙuri, ya tsaya wa abin da ka bari. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Ka yi rayuwarka kana kai haske inda rana ba ta kaiwa. Allah ya haskaka maka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.